Kashi Na Biyu

An kashe janareta, an ɗage labulen buhu,
muka fito daga gidan kallon Rabe
muna murza ido, kowa da gumi a wuya
kamar mu muka yi faɗan.
Ba wanda ya nufi gida.
Teburin mai shayin Ƙofar Marusa
shi ne kotu, benci ya cika.

Sada ya fara tun bai zauna ba:
"Wallahi an cuce mu.
A na farko, mutum ɗaya da muciya
ya share arba'in a kan gada.
Yau fa? Rabin fim yana dafa magani,
rabi yana kallon ruwan sama."

Ɗayyabu mai gyaran waya ya hura kofi.
"Igiya ce. Duk tashi saman nan igiya ce,
sau biyu na ga inuwarta a bango.
Shaho ba ya ɗaure ƙugu."

Wani yaro ya ce laifin mai fassara ne,
ya ba bos muryar dillalin awaki:
ana zare takobi, shi yana tunin bashin goro.
Aka yi dariya har shayi ya ƙware wani.

Tabawa mai awara ba ta taɓa shiga ba,
ta jikin langa-langa take jin komai.
"Ni ihunku nake ƙirgawa.
Shekarun baya, a na farkon,
sau tara kuka tashi,
har mai ya fallatsar mini a hannu, ga tabon.
Yau sau uku.
Na ukun ma ɓera ne ya ratsa."

Sai Baba Sallau, mahauci,
wanda ya kwance zare tun ba a haifi Sada ba,
hannun damansa har yau bai miƙewa,
ya ajiye burodi.
"Ku naushi kuke lissafi.
Kun ga bayan kowa ya watse
da ya durƙusa ya shafa gwiwa,
ya waiga ko yaronsa na gani?
Wannan ba igiya.
Ranar da na kada Ɗan Barmo a Jibiya
aka ɗaga ni sama da kalangu,
kwana uku da bango nake tashi.
Fim ɗin nan duk ƙarya ne,
ban da gwiwar."

Sada ya ce, "Baba, gwiwa muka biya mu gani?"
"Za ka gan ta kyauta," in ji shi.
"Ɗan jira."

Aka juyo kaina:
kai fa, malamin lissafi, maki nawa?
Na ce sukari ya yi kaɗan.

To me zan ce?
Na farkon a gaban keken Yaya Mannir na zo shi,
ina aji huɗu, kuɗin shiga na ƙosan safe ne.
A hanyar gida ya gwada bugun ƙafar
ya faɗa kwata har ƙugu,
muka yi wa Inna ƙarya baki ɗaya.
Yanzu yana Fatakwal, gadi yake,
in ya kira, zancen ciwon baya ne da kuɗin haya.
Yau sau biyu na kai gwiwar hannu hagu
in zungure shi,
na zunguri wani da ban sani ba.
Ya dube ni. Na ce sauro ne.

Rabe ya iso yana kaɗa makullai,
ya ce an ce akwai na uku.
Sada ya rantse ko kyauta ba shi zuwa,
ya shanye shayi, ya kife kofi,
ya tada babur,
sannan ya kashe.
"Yaushe ne?"